In aka ce a bar gari saboda guguwa, ga tsohuwa mai jinya a gida, ya ake yi?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Muna zaune kudu maso gabashin Houston a jihar Texas ta Amurka, kusa da bakin ruwan Galveston, ga lokacin mahaukaciyar guguwa ya sake zagayowa. Surukata tana wurinmu, ta haura shekara 80, a keken guragu take, da dare kuma sai an sa mata na'urar oksijin mai aiki da lantarki. Na ce wa maigida da zarar an yi sanarwa mu ɗauki Hajiya mu nufi Dallas. Ya ce sam. Yana cikin waɗanda suka fita lokacin guguwar Rita a 2005, ya yini ya kwana a kan titin I-45 mai zuwa Dallas, ya kashe na'urar sanyaya mota don kada mai ya ƙare, ya ga wata tsohuwa an shimfiɗe ta a gefen titi ana mata fifita da kwali. Ya ce ba zai kai mahaifiyarsa ga wannan ba. Ni kuma hotunan mutanen New Orleans a kan rufin gidaje lokacin guguwar Katrina sun ƙi barin idona. Jiya har muka kwanta ba mu yi wa juna magana ba. Wanne ya fi haɗari, tafiyar ko zaman?

Dattijon Unguwa:

Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki ga laifin mijinki, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Ni ma ina kan hanyar ran nan. Rita ta zo ne ƙasa da wata guda bayan Katrina, tsoro bai saki kowa ba, sai mutum sama da miliyan 2 suka fito lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ke nesa da teku. Su suka toshe wa na bakin ruwa hanya. Zafi ya kusa digiri 38, gidajen mai sun ƙafe. Mutum fiye da 100 suka rasu a fitar nan, cikinsu har da tsofaffi 23 da bas ɗinsu ta kama wuta kusa da Dallas, tukwanen oksijin suka yi ta fashewa. Guguwar kuma ta karkata gabas, ta sauka wajen iyakar Texas da Louisiana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shi ya sa lokacin guguwar Harvey a 2017 magajin gari Sylvester Turner bai ba da umarnin kwashe Houston ba. Amma ki lura, Harvey ruwan sama ne ya yi ɓarnar a nan, ku kuma teku ce maƙwabciyarku. In iska ta tunkuɗo teku cikin unguwa, katako a taga ba ya tare ta. Ki duba lambar unguwarku a taswirar kwashe jama'a. In kuna shiyyar bakin teku, maganar zama ba ta taso ba.

Mai Jinya:

Yaya, aikina kula da tsofaffi ne, kuma na'urar nan da kika ambata ita ta tsaya min a rai. Mutane suna lissafin daren guguwa kawai, suna manta kwanakin da ke biyo baya, ba wuta, ba sanyi, motar asibiti ba ta iya shigowa. A Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017 an ƙiyasta mutum 2,975 suka rasu, da yawansu a watannin bayan iskar ta wuce, masu jinyar da wuta da magani suka yanke musu.

Raina yana ɓaci in na ji ana cewa mutanen New Orleans taurin kai ne ya kashe su. Sai ranar Lahadi 28 ga Agusta magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin fita dole, washegari da safe Katrina ta iso. Dubban gidaje ba su da mota, ga ƙarshen wata, aljihu ya bushe. Katangun tare ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Kusan rabin waɗanda suka rasu a Louisiana masu shekara 75 ne zuwa sama. Sa'annin Hajiya ke nan.

Abin da ya wahalar da maigidanki fita ce tare da kowa. Ku ku riga kowa, kwana biyu ko uku kafin guguwar ta iso, da asuba, ko da daga baya ta kauce kun yi asarar kuɗin otal. Ba sai Dallas ba ma, in dai kun fita daga inda teku ke kaiwa. Ki kira 211, lambar wayar neman taimakon jama'a, ki sa sunan Hajiya a rajistar masu bukatar taimako ta jihar Texas. Ki tanadi magungunanta na mako biyu, ki tambayi masu kawo mata oksijin tukunyar da ba ta bukatar wuta.

Baban Yara:

In dai kuka zauna, don Allah janareta a waje, nesa da taga, ba a gareji ba. Bayan guguwar Laura a 2020 hayaƙinsa ya kashe mutane da dama cikin gidajensu.

Uwar Biyu:

Allah ya saka da alheri. Baba, na duba taswirar, muna cikin shiyyar da ake fara kwashewa. Na karanta wa maigida amsoshinku bayan isha'i, ya yi shiru, can ya ce in dai kafin cunkoso ne zai tuƙa. Da muka tambayi Hajiya, wadda duk rigimar nan ba wanda ya tuna ya ji ta bakinta, ta ce ita dai kada a bar mata Alƙur'aninta da tabaraunta. Gobe zan kira 211. 'Yar'uwa Mai Jinya, tukunyar oksijin ɗin nan awa nawa take kaiwa a mota?