Maganin tsinka jini ga wanda aka gano bugun zuciyarsa ya rikice: abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga bayanan jama'a kan wa ya kamata a ba maganin tsinka jini, kuma wane iri, a cutar rikicewar bugun zuciya da likitoci ke kira AF (atrial fibrillation).

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Maganin ba ya daidaita bugun. Aikinsa hana gudan jini taruwa a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa, don AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5.
2. A auna haɗarin da ma'aunin CHA2DS2-VASc: shekaru, hawan jini, ciwon suga, gazawar zuciya, shanyewar jiki a baya. Namiji mai maki 2 ko fiye, mace mai 3 ko fiye, a fara ba su maganin.
3. Aspirin ba ya maye gurbinsa.
4. A duba ƙoda da yawan jini tukuna. A tambayi majiyyaci ko yana shan magungunan rage ciwo masu ƙara haɗarin zubar jini, diclofenac ko ibuprofen, wanda mutanenmu ke saya a kemis kamar gyaɗa.

Mai ƙofar zuciya ta ƙarfe, ko wadda ciwon rumatik (zazzaɓin da ke lalata ƙofar zuciya) ya ƙuntata, maganin tsinka jini mai suna warfarin ne nasa. Binciken INVICTUS na 2022 ya nuna warfarin ya fi rivaroxaban (wani maganin tsinka jinin) ga masu rumatik, kuma irinsu suna da yawa a asibitocinmu.

An rabu kan sauran majiyyata. Wasu na son apixaban, shi ma maganin tsinka jini ne, saboda ba ya buƙatar gwajin INR, wato gwajin da ke auna yadda jini ya tsinke. Wasu suka ce tsadarsa kan sa a daina sha bayan wata biyu, gara warfarin a riƙe INR tsakanin 2 da 3. Ni dai ina ganin a fara tambayar aljihun majiyyaci da nisan gidansa daga wurin gwaji.

Mai shan warfarin kada ya bar zogale da alayyafo, ya dai ci daidai yadda ya saba.