Kujerar bayan bas ta ƙi zama gado, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da bas ƙirar Hiace da nake cin kasuwar Illela da ita, wani lokaci a ciki nake kwana. Mai walda ya gyara kujerar baya tana kwantawa, amma inda majingini ya haɗu da mazauni akwai rami, ƙugu ke shan wahala. Na shimfiɗa katifar soso, ta lotsa daidai wurin. Ga ledar kujerar, da zafin Sakkwaton nan gumi kamar an yi wa mutum wanka.

Falanki zan sa ƙarƙashin katifar, ko kafinta ya haɗa mai naɗewa? Ba na so a taɓa bel ɗin, don da rana fasinja ke zama. Wanda ya taɓa yi ya taimaka don Allah.