brlA ya tashi amma abaA ya ƙi motsi, ina matsalar take?

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawararku kan fumfunar Aspergillus nidulans da na sa wa brlA (ƙwayar gado mai sa fumfuna ta fara yin ƙwayoyin iri) ƙarƙashin makunnin alcA, wato guntun DNA da ke kunna shi ko kashe shi.

Nakan rene ta a ruwan gulukos, zafi digiri 37, awa 18, in wanke zaruruwan jikinta sau biyu, in mayar da su ruwan tiriyonin (sinadarin da ke kunna alcA) na milimola 100. A ƙa'ida kan zaren zai daina tsawo ya fara fitar da ƙwayoyin iri ko cikin ruwa. Ni kuwa bayan awa 6 qPCR (gwajin auna yawan aikin ƙwayar gado) yana nuna brlA ya hau sosai, amma abaA da wetA, ƙwayoyin gadon da ya kamata su tashi a bayansa, suna kwance. A madubin ƙara girma kawunan sun ɗan kumbura, shi ke nan, ko ƙwaya ɗaya babu.

Da farko na zargi ragowar gulukos, tunda furotin CreA yana danne alcA idan akwai gulukos. To amma da haka ne, ai brlA ɗin kansa ba zai tashi ba. Wannan ne ya ɗaure mini kai.

Shin furotin ɗin brlA ne ya lalace wajen yatsun zinki, wato sassan da yake kama DNA da su, ko abaA ne ke da tawaya? Wanne zan fara dubawa, jeranta DNA (karanta jerin haruffansa) ko haɗa fumfunar da lafiyayyen iri? Allah ya ƙara ilimi.