Ƴata tana da ciwon sukari nau'i na ɗaya: shin za mu iya dakatar da allurar insulin?

Uwar Nana, Maradi:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƴata mai shekara 11 ta yi makonni tana fama da ƙishirwa da yawan fitsari, tana ramewa duk da tana ci sosai, har ta galabaita muka kai ta asibiti, inda aka gano ciwon sukari ne nau'i na ɗaya, aka ɗora ta kan allurar insulin. Yanzu ta murmure, awon sukarin jininta yana kyau, har likita ya rage mata yawan allurar. Surukata, wadda ita ma take da ciwon sukari amma ƙwaya take sha, ta dage cewa yarinya ta warke, a daina huda mata fata, a koma ga jiƙon ɗaci. Shin akwai lokacin da za a iya dakatarwa, ko a mayar da ita kan ƙwaya? Kuma yaya zan adana maganin, tunda ba mu da firigo?

Ma'aikacin jinya, Maradi:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Nana lafiya. Don Allah kada a dakatar da allurar ko da ta yini ɗaya. Ciwon surukarki da na ƴarki sunansu ɗaya ne, amma asalinsu ya bambanta. A nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, jiki yana samar da insulin, sai dai bai isa ba ko kuma jikin ba ya amsa shi yadda ya kamata, shi ya sa ƙwaya take iya taimakawa. A nau'i na ɗaya kuwa garkuwar jiki ce da kanta take afka wa ƙwayoyin halittar da ke haɗa insulin a cikin pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, tana kashe su sannu a hankali. Shan alawa ko lemo bai jawo shi ba, sakacin iyaye bai jawo shi ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Sauƙin da kike gani sanannen abu ne ga likitoci. Bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin da ba su mutu ba sukan farfaɗo su yi aiki na wasu makonni ko watanni, sai buƙatar insulin ta ragu, daga baya ta sake hawa. A wannan tsakanin ne iyalai da yawa suke ruɗuwa su bar magani, sannan a dawo da yaro ranga-ranga. Idan babu insulin, sukari ba ya shiga ƙwayoyin jiki, sai jiki ya koma ƙona kitse, wanda yake tara wani guba mai tsami cikin jini. Alamunsa su ne amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da yawan barci, kuma duk lokacin da kika ga haka, asibiti kai tsaye. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, a fara yi wa wani yaro mai shekara 14 allurarsa a watan Janairun 1922, yaran da suka kamu da wannan ciwo ba sa daɗewa a duniya, kuma har yau babu sassaƙe ko ganyen da ya maye gurbinsa. Ba a shan insulin ta baki domin ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama.

Ki kiyaye lokacin damina musamman, domin zazzaɓin cizon sauro yana dagula awon sukari. Ko da ba ta cin abinci, ba a barin allura gaba ɗaya. A yawaita awo, a ba ta ruwa, a tuntuɓi likita kan adadin.

Yayar Hadiza, Tibiri:

Inna, ni ina ɗauke da wannan ciwo tun ina makarantar firamare, kuma abin da zan ƙara shi ne faɗuwar sukari, wadda ta fi zuwa ba sallama. Idan awo ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko Nana ta fara rawar jiki da zufa mai sanyi da ruɗewar magana, a ba ta sukari mai ƙwaya uku nan take, a sake awo bayan minti 15. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita asibiti. Ki sa sukarin cikin jakar makarantarta, kuma ki sanar da malaminta, domin ɓoye ciwon yana jefa yaro cikin haɗari. Ba a hana ta tuwo ko fura ba, sai dai a san gwargwado, a daidaita da allura. Fura da kunu sukan ɗaga awona da sauri fiye da wake da zogale. Batun azumi kuwa, idan ta balaga likita ne zai duba halinta, kuma Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame.

Baban Sani, Madarunfa:

Hajiya, a kan adanawa, ga yadda nake yi wa ɗana. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka nake ajiye ta a firigon wani ɗan'uwa, nesa da wurin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace. Wadda muke amfani da ita kuma ina sa ta cikin gwangwani mai murfi, in sa gwangwanin cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, in zura ta cikin babba, in cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. A watan Afrilu da Mayu yashin yana saurin bushewa, sai an riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ina rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar, domin bayan mako huɗu ƙarfinta ba abin dogara ba ne.

Uwar Nana, Maradi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba zan dakatar ba. Abin da ya rage shi ne yadda zan fahimtar da surukata ba tare da ta ga na raina ta ba.

Ma'aikacin jinya, Maradi:

Ki roƙi maigida ya tafi da ita ranar da za ku koma ganin likita, ta ji bambancin ciwon nata da na jikarta daga bakin likitan. Ku tafi da littafin awo da kwalbar insulin da sirinjin da kuke amfani da shi, domin a tabbatar ma'aunin sirinjin ya dace da ƙarfin insulin ɗin.