Neman kalma: me za mu kira tiyatar da ake sa wa gwiwa ko ƙugu ƙarfe?

Adda Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamai. Agaji nake nema, kuma da gaggawa. Gobe Alhamis ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin lafiya a gidan rediyonmu nan Gombe. Baƙonmu likitan ƙashi ne, ya turo min bayaninsa shafi biyu da Turanci. Na juya komai, kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya: joint replacement. Wato aikin da ake yi wa wanda gwiwarsa ko ƙugunsa ya cinye. Na rubuta "dashen gaɓa" na goge, na rubuta "canjin gaɓa" na goge. Masu sauraronmu har Dukku da Nafada da Kumo, yawancinsu dattawa. Ba na son kalmar da za ta firgita su. Me kuka gani?

Ɗan Bolari: Dashen gwiwa mana, Adda. Dashen ƙugu. Ba dashen ƙoda ake cewa ba?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. A'a, yaro. Dashe na abu mai rai ne. Ka cire irin albasa daga wannan fangalin ka kai wancan, ya kama ƙasa ya ci gaba da rayuwa, wannan shi ne dashe. Ƙoda tana da rai, daga jikin wani aka ciro ta. Ƙarfe kuwa ko ka shekara kana yi masa ban ruwa ba zai tsiro ba.

Ɗan Bolari: To dashen haƙori fa, Allah ya gafarta Malam? Shi ma daga bakin wani ake cirowa?

Malam Mai Alli: Yawan masu kuskure ba ya mayar da shi daidai.

Sista Ɗakin Ƙashi: A nan dai ina bayan Malam, amma ba don nahawu ba. Na taɓa ganin dattijo da aka gama yi wa gwaje-gwaje, an sa rana, sai ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Sista, Baba ya ce a tambaya, gwiwar wa za a sa masa? Mai rai ne ko mamaci?" Kalmar dashe ce ta jawo haka. "Canji" ma ba ta tsira ba, mutum gani yake za a guntule ƙafar a ɗaura wata, kamar tayar mota. Alhali ga abin da ake yi: guringuntsin da ke kan ƙashi ne ya ƙare, ƙashi na gogar ƙashi. Sai likita ya fere bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, ya sa wa kowanne murfin ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Ƙafarka tana nan. A ƙugu ne ake yanke kan ƙashin cinyar, wannan dunƙulen, a sa na ƙarfe ko na tangaran, a kafa masa ƙoƙon da zai riƙa juyawa a ciki. Kuma Adda, kar ki ce aikin tsofaffi ne kawai. Masu sikila da yawa kan ƙashin cinyarsu yana mutuwa saboda jini bai isa wurin ba, ana yi musu tun suna matasa.

Ɗan Bolari: Ashe haƙorin Makka ake yi wa gwiwa. To a ce gwiwar Makka. Ko gwiwar Indiya, tunda can masu hali ke tafiya.

Adda Mai Shirin Lafiya: Ƙanena, da gaske nake.

Maman Walida: "An sa masa ƙarfe" muke cewa a gida.

Sista Ɗakin Ƙashi: Shi kuma wanda ya karye a babur aka ɗaure ƙashin da faranti da kusoshi, shi ma "an sa masa ƙarfe". Aiki biyu ne daban.

Malam Mai Alli: Ku saurara. Tun shekaran jiya da wata ɗalibata ta kawo min irin wannan nake juya ta. Abin da ya zo ya zauna a mazaunin wanda ya shuɗe, ya ci gaba da aikinsa, me Bahaushe ke kiransa? Magaji. Gaɓa mace ce. Saboda haka: magajiyar gaɓa. Magajiyar gwiwa, magajin ƙugu. Aikin kuwa, gadar da gaɓa. Babu aro, babu kame-kame, daga cikin harshen ta fito.

Ɗan Bolari: Malam, a ce a rediyo "Alhaji ya tafi asibiti za a sa masa magajiya"? Wallahi kafin la'asar uwargida ta haɗa kayanta.

Malam Mai Alli: Wannan lalacewar kunnenku ce. Magajiya sarauta ce tun kafin a san bariki. Daurama ta Daura ba magajiya ba ce? Ku kuka bar kalma mai daraja ta faɗa hannun 'yan tasha, yanzu kuma kuna ƙyamarta.

Maman Walida: Baba, kalmar tana da ma'ana, amma ni ma sai da na yi dariya.

Ɗan Bolari: Ni dai gwiwan kakana ba za a sa masa magajiya ba.

Bakano a Tumfure: "Gwiwar", ba "gwiwan" ba. Kuma "sa mata". Ku fara raba mace da namiji tukuna kafin ku zauna ƙirƙirar kalma. Irin wannan aikin na Kano ne. Asibitin ƙashi na Dala tun 1959 yake, can aka fara yi wa Bahaushe bayanin ƙashi da Hausa. A tambayi yadda suke faɗa, a bi, shi ke nan.

Ɗan Bolari: To yaya suke faɗa?

Bakano a Tumfure: Zan tambaya.

Hamma na Jekadafari: Kullum sai kun kawo mana wannan. Daga Bauchi har nan, haka bakin mutane da yawa yake, ba jahilci ba ne, karin harshe ne. An ɗauki Kananci an gina daidaitacciyar Hausa a kansa, mun yarda, da ita muke rubutu. Amma tsohuwar da ke sauraro a Bajoga ba jarrabawa za ta rubuta ba. Kuma asibitin koyarwa na tarayya yana nan cikin Gombe, na Bauchi ma yana nan, ba sai mun hau mota mun je roƙon kalma ba.

Bakano a Tumfure: Jihar da aka yanka a 1996 ce za ta koya wa Dabo Hausa?

Hamma na Jekadafari: Jiha aka yi a 1996, ba baki ba. Shekara nawa kana cin tuwonmu a Tumfure?

Malam Mai Alli: Duk wannan bai taɓa magajiya ba. Har yanzu babu wanda ya kawo hujjar nahawu a kanta.

Adda Mai Shirin Lafiya: Don Allah ku bari. Goma ta wuce, ban yi isha'i ba, kuma akwai kalma ta biyu da na ɗauka na gama da ita: fiziyo, wato jinyar da ake yi bayan tiyata don gaɓar ta dawo aiki. Na sa "gashin ƙashi" tunda shi ake ji a ko'ina. Akwai matsala?

Maman Walida: Akwai, Adda, ki tsaya in ba ki labari. Bara aka yi wa Goggona gwiwar dama. Washegarin aiki ma'aikacin fiziyo ya zo da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa, ya ce ta tashi ta taka. Ta dube shi ta ce ita gashi aka ce za a yi mata, ina ruwan zafin? Da muka dawo gida sai ta kwanta, ta tura matashi a ƙarƙashin gwiwar don ta fi jin daɗi haka, tana jiran gashi. Ƙanwarta ta zo daga ƙauye da tsumma da man zafi, kullum a tafasa ruwa, irin na mai jego. Takardar atisayen da aka ba mu kuwa tana cikin ledar magani, ba wanda ya buɗe, ni ma da laifina. Da muka koma, gwiwar ta ƙage, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwasuwa. Sai da aka sake sa ta barci aka tanƙwara ta da hannu. Ranar na ga Goggo ta yi kuka. Duk don an ce gashi, ita kuma a saninta wanda ake gasawa kwanciya yake yi.

Mai Fiziyo: Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan sunan ya daɗe yana ba mu wahala. Zafi ɗan yanki ne na aikinmu, kuma bayan irin wannan tiyatar ma ƙanƙara muke sawa don kumburi. Aikin na mara lafiya ne, mu nuni muke yi. Adda, ko wace kalma kika ɗauka, ki tabbata waɗannan sun fito. Ana tayar da mutum ya taka ranar aikin ko washegari, don kwanciya tana jawo daskarewar jini a ƙafa, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na wasu makonni. Kar a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa. Ɗinki wajen kwana 10 zuwa 14 ake cirewa. Wanda aka yi wa ƙugu, makonnin farko ba zama a tabarma ko kujera 'yar tsugunne, ba harɗe ƙafa, har sai likitansa ya sake shi. Abin da takardun Turawa ba sa faɗa kuma shi ne masai na tsuguno. A nemi kujerar bayan gida tun kafin a tafi asibiti, ba ranar sallama ba. Salla kuma a kan kujera. Kafin aiki a daidaita suga da hawan jini, a bar taba, mai ruɓaɓɓen haƙori ya gyara, don ƙwayar cuta in ta sami ƙarfen nan fitar da ita aiki ne. In sha-raɓa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ciwon yana ruwa da zazzaɓi, asibiti nan take, ba wurin mai ɗori ba.

Malam Mai Alli: Bayani ya yi. Amma "fiziyo" ba Hausa ba ce.

Hamma na Jekadafari: Tiyata fa, Malam? Asibiti fa? Likita?

Malam Mai Alli: Waɗannan sun kwana biyu, sun biya kuɗin zama.

Mai Fiziyo: Ni da za a ce "atisayen gaɓa" da na fi so.

Malam Mai Alli: Atisaye na soja ne.

Sista Ɗakin Ƙashi: Mu koma ta farko. Su kansu Turawan ba su wahalar da kansu ba. Likitocinsu suna da wata kalma ta Girkanci da suke yi a tsakaninsu, amma tun da likita John Charnley ya daidaita aikin ƙugun nan a Ingila a 1962, abin da ake gaya wa mara lafiya kalmomi biyu ne na kasuwa: gaɓa, da maye gurbi. Ni zan ce "tiyatar sauya gaɓa", abin da aka sa kuma "gaɓar ƙarfe". Sai jimla ɗaya ta biyo baya: ba a yanke ƙafa, ba a ciro ta kowa. Ki kuma ce tana kai shekara 15 zuwa 20, sau da yawa fiye, don kar a zaci ta har abada ce.

Ɗan Bolari: Sauya da canji ba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba?

Sista Ɗakin Ƙashi: Kusan haka. Amma canji ya fi kama da garejin kanikawa.

Adda Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: "tiyatar sauya gaɓa, wadda wasu ke kira dashen gwiwa ko dashen ƙugu". Dole in ambaci dashe sau ɗaya, in ba haka ba masu kiran waya za su ɗauka wani aikin ne daban. Na biyun na sa "motsa gaɓa a hannun masana, wato fiziyo", na cire gashi gaba ɗaya. Maman Walida, kin yarda in ba da labarin Goggo ba tare da suna ba?

Maman Walida: Ki bayar. Ita ma tana sauraro, za ta gane kanta, ni za ta ci wa mutunci.

Malam Mai Alli: "Sauya gaɓa" bayani ne, ba suna ba. Amma ki je da shi tunda lokaci ya ƙure. In da hali, a ƙarshen shirin ki ce wani malami ya ba da shawarar magajiyar gaɓa, mu ji abin da jama'a za su ce.

Adda Mai Shirin Lafiya: Baba, minti 25 ne shirin, har da talla.

Bakano a Tumfure: Na kira wani ɗan'uwana da ya yi jinyar mahaifinsa a Kano. Ya ce su "an sa masa ƙarfe" suke cewa.