Neman kalmar Hausa: akwatin da ke shigar da gita cikin tabilet

Mai Gita, Jidda
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna haɗa darasin gita na Hausa don yaranmu na nan, mun zo kan ɗan akwatin da ake soka wa wayar gita, shi kuma a jona shi da tabilet. A shagunan Shara Falasɗin "kart sot" suke cewa. A studiyoyin Kano "sawun kad". Ni na rubuta "katin sauti", amma raina bai kwanta ba, don abin ba kati ba ne. Malamai, a taimaka.

Injiniyan Sauti, Shara Mansur, Makka
Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiyarka. Sunan kati ya samo asali ne tun lokacin da ake buɗe cikin kwamfuta a dasa shi kamar faifai. Yau akwati ne a waje. Kafin a raɗa masa suna a san aikinsa, ayyuka uku ne. Wutar da maganaɗisun gita (ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar kaɗawarta) ke fitarwa 'yar kaɗan ce, sai ya ɗaga ta. Sannan ya mayar da ita lissafi, abin da tabilet ke ganewa. In manhaja ta gama gyara sautin, ya sake mayar da lissafin wuta ya tura wa kunne ko lasifika. Kai da kawowa yake yi. Ni "majuyin sauti" nake ba da shawara.

Malamin Hausa, Madina
Injiniya, "majuyi" ginin kalma ne mai kyau, sai dai mai ji zai ɗauka muciya ce ko abin da ke sauya murya, kamar manhajar da ke mai da muryar namiji ta mace. Wasu za su ce "mahaɗin sauti". Wannan ma akwai tangarɗa: mahaɗi a bakin Bahaushe abin da ake cuɗawa ne, mahaɗin tuwo, mahaɗin magani. In aka ba shi wannan suna, me za a kira mikisa, wadda ita ce ke haɗa sautuka da gaske?

Mai Gyaran Amfilifaya, Riyad
Ranka ya daɗe Malam, ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Suna mara kyau kuɗi yake cinye wa mutane. Yaro ya ji an ce "mahaɗi", ya je shago ya ce a ba shi wasla, wato abin jonawa da Larabci, a miƙa masa waya mai jak babba a kai ɗaya, ƙarami a ɗaya kan. Ya soka, ya ji sauti dusu-dusu kamar an lulluɓe gitar da bargo. Dalilin shi ne turjiya, wato yadda ƙofar da ake soka waya ke tare wuta, ana auna ta da om. Gitar lantarki da ba ta da batir tana son ƙofa mai turjiya kusan om miliyan 1. Ƙofar da aka yi don kibod ko rediyo ba ta wuce om dubu 10 zuwa 20 ba. In gita ta shiga irin wannan ƙofa, siraran sautukan sama su ne ke fara mutuwa, tsirkiya ta daina ƙara. Shi ya sa duk akwatin da za a saya a duba jikinsa a ga an rubuta INST ko Hi-Z. A kan akwatin Focusrite Scarlett Solo maɓalli ne, sai an danna. Ramin kuma na jak mai faɗin milimita 6.35 ne, da wayar gita mai zobe baƙi ɗaya a kanta. Wayar lasifika kamarsu ɗaya a ido, amma ba ta da rigar kariya a ciki, ruri za ta kwaso.

Mai Gita, Jidda
To "gadar sauti" fa, Yaya? Tunda tsallakar da shi take yi.

Malamin Hausa, Madina
Gada abin da ya hau ta shi ke sauka, bai canza ba. Kuma masu koyo daga littattafan waje za su rikice, don a can ɗan icen da tsirkiya ke hawa shi ake kira gada, wanda makaɗan garaya da goge ke ce wa jaki. Ku dubi bayanin Injiniya da kyau. Biyu ne ba sa jin yaren juna, na uku ya tsaya a tsakiya, ya karɓa daga wannan ya faɗa wa wancan, ya kuma dawo da amsa. Duk wanda ya taɓa raka alhaji asibiti ko kasuwa a ƙasar nan ya san sunan mai wannan aiki. Tafinta. Ni "tafintan sauti" na gani.

Mai Studiyo, Jidda
Malam, sunan mutum ne fa. Anya zai zauna a kan na'ura?

Malamin Hausa, Madina
Hajiya, ai jaki ma dabba ne, ga shi a kan garaya, ba wanda ya yi gardama. Abin da ake nema shi ne kalma ta shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba. "Soka gita a tafinta." "Tafintan nan ƙofa biyu gare shi." "Tafintoci biyu na gwada."

Injiniyan Sauti, Shara Mansur, Makka
Na janye tawa, don wannan ta raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. iRig na farko, ɗan abin jona gita da ake soka wa ramin iyafis na tabilet, ba ya mayar da komai lissafi, wutar kawai yake daidaitawa ya miƙa wa ƙofar makirfo. Shiga da fita duk a jak ɗaya suke, sai sautin fita ya riƙa yoyo cikin na shiga. Da ka ɗaga ƙarfin amfilifayar manhaja sai kuwwa. Wannan a bar masa "mahaɗi" ko wasla. iRig HD 2 da Scarlett, masu shiga ta USB, su ne tafintoci. Balle yawancin sababbin tabilet ba su da ramin iyafis ma.

Mai Studiyo, Jidda
Na yarda. Tunda darasi ne, a sa musu maganar wuta, nan ake yawan maƙalewa. iPad mai USB-C, wanda ya fara da iPad Pro na 2018, yana iya ciyar da ƙaramin tafinta da kansa. Mai ramin Lightning, irin iPad na tara na 2021, ba ya iya ɗaukar kamar Scarlett, zai rubuto cewa na'urar na jan wuta da yawa. Maganinsa waslar kamara ta Apple mai USB 3, wadda ke da rami na biyu na caja. Caja ta fara shiga, sannan tafinta, sannan a buɗe manhajar kiɗa ta GarageBand. Na Android kuma sai an tabbatar yana da OTG, wato yana karɓar na'ura ta ramin USB ɗinsa. Android ya fara karɓar sauti ta USB tun siga ta 5, amma jinkirinsa, wato tazarar da ke tsakanin buga tsirkiya da jin sautin, ya danganta da ƙirar tabilet da manhaja, don haka a gwada a shago kafin a biya. Tafintan ya zama irin wanda ba ya neman a saka masa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, don tabilet ba ya karɓar direban kwamfuta.

Mai Gyaran Amfilifaya, Riyad
Jinkiri kuwa lissafi ne. Bafa ita ce adadin gutsattsarin sauti da manhaja ke tarawa kafin ta sarrafa su. A gudun gutsattsari 48,000 a daƙiƙa, bafa 128 tana riƙe sauti milisakan 2.7 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa), ta 256 milisakan 5.3, ta 512 ta haura 10. Shiga da fita a ninka, a ƙara ɗan abin da tafintan ke ci. In jimla ba ta wuce milisakan 10 ba, kamar ka tsaya mita uku da rabi daga amfilifaya ne, hannu ba ya damuwa. In an ji ƙas-ƙas a 128, tabilet ya gaji, a koma 256. Iyafis na Bluetooth kam a ajiye shi, jinkirinsa ya haura milisakan 100, ba a kiɗa da shi. Mai waya za a soka, kuma a jikin tafinta, don da an jona shi sautin tabilet can yake komawa.

Ga wasu guda biyu. Maɓallin sauraron gita kai tsaye da ke jikin tafinta a kashe shi in ana amfani da amfilifayar manhaja, in ba haka ba za a ji gita biyu, busasshiya da gyararriya, ɗaya na bin ɗaya. Ruri kuma, wutar Saudiyya 60 take kaɗawa a daƙiƙa, maganaɗisu mai naɗi ɗaya yana kwaso ta kusa da na'urar sanyaya ɗaki ko caja mai arha. A zare cajar a saurara. In ya yi shiru, laifin caja ne. In bai yi ba, mai gita ya juya jikinsa a hankali har ya sami inda ya ragu.

Injiniyan Sauti, Shara Mansur, Makka
A ƙara da saita ƙarfi: a buga tsirkiya iya ƙarfin da za a buga a waƙa, a murɗa har fitila ta tsaya kore, kar ta taɓa ja. Maɓallin 48V ba na gita ba ne, na makirfon studiyo ne, batir kawai zai sha. Sai dai in gitar katako ce mara maganaɗisu, to ita da makirfo za a ɗauka, a nemi tafinta mai rami mai ƙafa uku.

Mai Gita, Jidda
Allah ya saka da alheri. Na goge "katin sauti". A darasin zan rubuta "tafintan sauti" a farko, in ce shi ne kart sot don su iya tambaya a shago, daga nan "tafinta" kawai. Malam, jam'in "tafintocin sauti" ko?

Malamin Hausa, Madina
Haka ne, ɗana. Kuma namiji ne: tafintan nan, ba tafintar nan ba.