Harsashin jan ƙarfe: abin da maharban Amurka suka yi ittifaƙi a kai

Tun da jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma a 2019, masu ɗura harsashi da kansu a can suka koma jan ƙarfe. Shawararsu: a rage nauyin harsashi. A bindiga .308 (mai harsashi mai kaurin inci 0.308), giren 130 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya wadatar maimakon 165, domin jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, harsashin kan yi tsawo ya cinye wurin albarushi. Gudu shi ne komai. In ya gaza kusan ƙafa 2,000 a daƙiƙa lokacin da ya sami dabba, bakinsa ba ya buɗewa, sai ya ratsa barewa kamar allura. Kamfanin ƙera harsashi na Barnes na cewa a bar inci 0.050 tsakanin harsashi da farkon tsagin cikin bututun bindiga. Awon albarushi kuwa, na littafin kamfanin kaɗai, ban da na harsashin dalma.